Farin Kicin, Shuɗin Banɗaki

Shafi na 23

Masu tsare ni da tambaya ko Janine ta san abin da iyayenta ke ɓoye mata: ba ta sani ba. Yau ne za ta sani.

Da Clint kafinta ya yanke bakin kwalin farko a baranda, Janine ta ɗauka kayan wani gida aka loda masa bisa kuskure.

Ta leƙa ciki. Ta ɗago ta dube shi. Ta sake leƙawa.

"Wannan na su wa ne?"

"Naku ne."

"Ba namu ba ne, Clint. Fari na ce maka. Fari mara sheƙi, irin na kicin sak, kuma babu mariƙi."

Clint ya zaro ƙofar kabad ɗin ya jingina ta da bango. Shuɗiya ce mai duhu, ga wani ƙaton mariƙin tagulla da mutum zai zura hannunsa gaba ɗaya a ciki. Ta biyun ma haka. Ta ukun har da ramin makulli.

Ran Janine ya ɓaci. Tun da guguwar farkon shekara ta yaye kwanon bayan gidan iyayenta, ruwa ya jiƙa kicin da banɗaki har katako ya kumbura, ita ta ɗauki ɗawainiyar gyaran. Hutu ta ɗauka daga aikinta a Brisbane ta dawo ƙauyensu Habana, ta tare a ɗakinta na yarinta. Ita ta zaɓi launi, ita ta zaɓi tayil, kuma magana ɗaya ta yi ta nanatawa: kabad ɗin kicin da na banɗaki su fito iri ɗaya, kar a iya bambance su. An gama kicin makon jiya, fari fat, ƙofofin sai an danna su suke buɗewa. Saura banɗaki. Ga kuma abin da aka kawo mata.

"Wa ya ce ka canza?"

Clint ya sosa ƙeya. Tare suka yi firamare, ya san idan ta kama magana ba ta saki.

"Babanki."

"Baba? Baban da ko samfurin launi bai yarda ya kalla ba?"

"Shi ya kira ni tun kafin in yanka katako. Ya ce shuɗi mai duhu, manyan mariƙai, ɗaya da makulli. Ya ce kar in gaya miki, da bakinsa zai gaya miki."

"Kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru."

"Gidansa ne, Janine."

Ta yi masa wani kallo, ya sunkuyar da kai yana wasa da abin awonsa.

"Kar ka buga ko ƙusa ɗaya sai na dawo."

"To, ranki ya daɗe. Zan sauke sauran kayan dai, kar ruwa ya same su a mota."

Ta sauka ta matakalar baya.

A ƙarƙashin gidan ta sami babanta, Gus Zammit, tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga gidan, inda bencin aikinsa yake tun tana yarinya. Tsohuwar addar saran rake yake wasawa a kan dutse, a hankali, yana ɗiga mata ruwa daga gwangwani. Can bayan shinge injin sababbin masu gonar yana ta cin rake, ƙura na tashi.

"Baba."

"Na ji motar Ron ta shigo."

"Clint ne, Baba. Ron ai ya rasu, ɗansa ne."

"Shi nake nufi."

"Me ya sa ka canza kabad ɗin banɗaki?"

Ya ci gaba da wasa addarsa.

"Da kai nake magana. Na tambaye ka, na tambayi Mama, kuka ce duk abin da na zaɓa ya yi. Yanzu mutum zai fito daga farin kicin ya faɗa banɗaki kamar na jirgin ruwa. Ko kaɗan ba su dace ba."

"Haka ake so."

"Wa yake so?"

Ya ajiye addar, ya goge hannunsa a wando, ya tura mata wata tsohuwar durom da ƙafa.

"Zauna."

Yadda ya faɗa ya sa ta zauna ba musu.

"Kin tuna tsofaffin kabad ɗin da ruwa ya cinye?"

"Yaya zan manta? Kai ka yi su."

"Daga itace ɗaya na yanko su, na kicin da na banɗaki, shekarar da aka haife ki. Ƙofa iri ɗaya, mariƙi iri ɗaya, man gogewa iri ɗaya. Uwarki ta yi ta jawo matan coci su zo su gani. Ban san abin da zai cuce ta nake ƙera mata ba."

"Baba, me kake cewa?"

Ya dubi sama, wajen katakon daɓen kicin, inda ake jin takun matarsa Connie tana kai da komowa. Ya rage murya.

"Mamanki ta fara mantuwa."

"Kowa yana mantuwa. Ni ma jiya..."

"Ba irin wannan ba. Da farko butar shayi muka tarar a kabad ɗin banɗaki. Sannan tawul a wajen tukwane. Muka yi dariya, muka ce tsufa ne. Sai ranar da tari ya dame ta. Maganin tarin yana kicin, ƙofar sama ta hagu. Ta shiga banɗaki, ta buɗe ƙofar sama ta hagu. Ƙofa iri ɗaya ce, Janine. Ruwan wanke tayil ne a wurin."

Janine ta matso da durom ɗin kusa da shi.

"Ta sha?"

"Kurɓi ɗaya. Allah ya taimaka motar asibiti ta zo da wuri. Dishewar muryar da ta ce miki mura ce, ba mura ba ce."

Ta tuna kiran wayar. Tana ofis, tana cin abinci a gaban kwamfuta, ta ce wa uwarta ta sha zuma da lemon tsami.

"Daga nan aka tura mu wurin likitar ƙwaƙwalwa a birnin Mackay," in ji Gus. "Yarinya ce, ba ta ma kai ki ba. Ta miƙa takarda ta ce a zana agogo. Duk lambobin a gefe ɗaya aka tara su, kamar shanu sun ga ruwa. Sai suka turo wata mata ta duba gidan. Ita ta ce kar ɗakuna biyu su yi kama da juna. Banɗaki ya zama da nasa launin da ido ba zai ɓata ba, mariƙi ya zama wanda hannu zai gane, duk abin da ke ƙona ciki a sa masa makulli."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa. Ba ki lura ba kullum da safe ƙofofin kicin a buɗe kike samun su? Duka, kamar an shiga sata?"

Ta lura. Kullum sai ta bi ta rufe su tana mita.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba? Ko yayana Dennis, ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Kuma kar ki nuna mata kin ji. Ba ta son a tausaya mata, kin san ta." Ya ɗauki addar ya gwada kaifinta da babban yatsa. "Ni zan kula da ita. Duk zamanmu ita ke kula da ni, yanzu nawa ne."

Janine ta miƙe ta rungume shi ta baya. Warin man inji da sabulu, irin wanda ta sani tun tana hawa wuyansa. Ya ɗan bubbuga hannunta.

"Likitar ma yarinya ce," ya ce. "Ba ta kai ki ba."

"Ka faɗa mini, Baba."

"Na faɗa?"

"Ka faɗa."

Ta tsaya a tsakiyar matakala ta share fuskarta da gefen riga kafin ta tura ƙofar kicin.

Connie na tsaye a gaban farin teburin, tana murza kwaɓin pastizzi, wata irin samosa da ake gasawa, hannunta duk man shanu. Gilashinta ya zamo har kan hanci. Janine ta tsaya tana kallonta, tana neman inda ciwon yake a fuskar da ta sani.

"Mama, kawo in taya ki. Ki zauna ki huta."

Connie ta ɗago. Ta dubi idon 'yarta, ta dubi ƙurar ƙarƙashin gida a gwiwar wandonta.

"Ya gaya miki."

"Me? A'a, kawai dai..."

"Kar ki yi mini muryar masu jinya, Janine, ni na haife ki. Ya ce ni ce, ko?"

Janine ta dubi ƙofar baya da ta bari a buɗe.

"Rufe ƙofar bayan nan. Sauti yana sauka ƙasa."

Ta rufe. Connie ta wanke hannu, ta jawo kujera ta zauna, ta nuna mata ɗayar.

"Me da me ya gaya miki? Butar shayi?"

"E."

"Maganin tari? Agogo?"

"E."

"Duk ya faru. Ko ɗaya bai ƙara ba." Muryarta a dishe, kamar tana fitowa ta cikin yashi. "Sai dai ba ni na sa buta a banɗaki ba. Ba ni na zana agogon ba. Ina zaune a gefe da jakata a cinya, ina kallon ubanki yana zana shi a kan takarda."

"Mama..."

"Maganin kuwa ina kwance ya kawo mini. Na ce Gus, ɗauko mini na tari. Ya zuba a ɗan kofin ya kawo har gado. Babu gilashi a idona, hancina a toshe. Mijina ne ya miƙo mini, me zan duba? Na kafa kai."

Janine ta girgiza kai a hankali.

"Shi ma haka ya faɗa a kanki, Mama. Da irin wannan natsuwar. Ni wa zan yarda da shi?"

"Kin yi tambaya mai kyau." Connie ba ta ji haushi ba. "Sau nawa ya gaya miki likitar yarinya ce?"

Janine ta ƙirga a ranta: sau biyu.

"Ya yi miki maganar Ron, mutumin da shi da kansa ya ɗauki akwatin gawarsa? Addar da yake wasawa kullum, me zai sara da ita? Kina jami'a muka sayar da gonar nan. Tun da kika zo, kin ga ya zauna a gaban sitiyari?"

"Ya ce gwiwarsa ce."

"Gwiwarsa lafiya lau. An karɓe lasisinsa. Makullin motarmu yana cikin rigata dare da rana, har ya yi mini shaida a ƙirji."

Janine ta dafe bakinta. Abubuwan da ta yi ta gani tana wucewa suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya: yadda yake jira sai uwarta ta fara ɗaukar cokali, yadda ya daina karanta jarida ya koma riƙe ta kawai, yadda jiya ya tsaya a tsakar falo da takalmi ɗaya a hannu yana murmushi.

"To me ya sa kika bar shi yana cewa ke ce?"

Connie ta cire gilashin ta ajiye.

"Ranar da likita ta gaya masa, ya dawo ya kwanta, ya juya wa bango fuska. Ba ci, ba magana. Fada, limamin cocinmu, ya zo, bai kula shi ba. Na ce shi ke nan, a haka zan rasa shi. Sai wata safiya na farka na gan shi tsaye a kaina da shayi. Ya ce, Connie, kar ki ji tsoro, ina nan, zan kula da ke."

Ta juya gilashin a kan tebur.

"Ya tuna ɗakin likita. Ya tuna agogon. Har sunan ciwon ya tuna. Wanda ke zaune a kan kujerar kawai ya manta. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga ya yi aski, ya sa riga mai guga. Na karɓi shayin na sha."

"Ya san shi ya ba ki kofin?"

"Bai sani ba. Kuma ba zai ji a bakin kowa ba, kin ji ni? Ko bayan raina."

"Na ji."

"Kiran da ya yi wa Clint, ina gefensa. Ni na buga lambar. Na bar shi ya faɗa da bakinsa, don ya ji shi ne mai gida, shi ne ya kare matarsa. Ya yi kwana da kwanaki yana jin daɗin abin."

Janine ta juya ta dubi kicin ɗin da ta yi alfahari da shi. Fari daga sama har ƙasa, sumul, ba ka gane inda wata ƙofa ta ƙare wata ta fara.

Connie ta bi idonta.

"Ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Amma ubanki ba ya ganin ƙofa a nan. Bango yake gani. Washegarin da aka gama na same shi tsaye da ganyen shayi a hannu, yana shafa wajen nan, yana shafawa. Ya ce, Connie, wa ya toshe mana kicin? Shi ya sa nake tashi tun da asuba in buɗe su duka, ya ga kofi, ya ga sukari. Ke kuma ki fito ki bi ki rufe."

"Da kin gaya mini, Mama. Da kalma ɗaya kika faɗa, da ban..."

"In gaya miki?"

A karon farko muryar ta yi kaifi.

"Ke da Dennis da kuka kawo dillalin gidaje ya zagaya ɗakunana ranar Lahadi, muna coci?"

Janine ta sunkuyar da kai.

"Marlene ta maƙwabta ta gan shi, da takalminsa mai tsini. Shi ya ce miki a yi fari, a yi iri ɗaya, masu saye sun fi so. Ko ba haka ba?"

"Ba don mu kore ku ba ne. Mun ga matakalar ta yi muku yawa, ga nisa da asibiti. Muka ce ko wani ɗan gida a cikin gari..."

"Kun ce. Ku biyu, a waya. Da na gaya miki ubanki ba shi da lafiya, da yanzu kin gama nemo masa ɗaki a gidan tsofaffi, mai kallon lambu. Na san ki, ba ki da mugunta, gaggawa gare ki."

"Mama, ki yafe mini."

"Ba yafiya nake nema ba, so nake ki gane. Gidan nan kaɗai ya rage masa. Ko kansa ya ɓata, ƙafarsa ta san hanya daga gado zuwa baranda. Ranar da aka fitar da shi daga nan, sai dai a kai gangar jiki."

Janine ta zame daga kujera ta durƙusa, ta kifa kanta a cinyar uwarta. Kukan bai fito da ƙara ba. Connie ta ɗora hannu a gashinta, ta bar ta ta yi mai isarta.

Da ta ɗago ta ce, "Shuɗin zai zauna. Yau Clint zai ɗaura shi."

"To."

"Kicin kuma zan ce ya sa mariƙi a kowace ƙofa. Ya nemo launin katako irin na da, a rufe farin nan. Ta wajen kofuna a sa mata gilashi, Baba ya riƙa ganin ciki."

"Mariƙin dai tukuna. Kar a canza masa komai a rana ɗaya."

"Zan kira Dennis in ce babu maganar sayarwa."

"Ki bari in yi numfashi kafin ki kira wannan. Kuka zai yi mini a waya, in koma ni ke rarrashi."

Janine ta yi 'yar dariya cikin hawaye. Connie ta mayar da gilashinta, ta miƙa hannu za ta ɗauki katakon murza kwaɓi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar falo.

Clint ne, hularsa a hannu, yana kallon wannan yana kallon waccan.

"Ku yi haƙuri. Janine, ke kika ba Babanki motarki?"

Katakon ya faɗi ƙasa ya gangara.

"Ina makullinki?" in ji Connie.

"A kan teburin baranda na... na ajiye shi lokacin da Clint ya..."

"Ina ya ce za shi?"

Clint ya juya hular a hannunsa.

"Ya ce hadari ya haɗo, zai je makaranta ya ɗauko 'yarsa kafin ruwa ya sauko, ba ta tafi da rigar ruwa ba. Na yi dariya, na ɗauka tsokanata yake yi. Sai na ga ya fita da baya."

Janine ta riga su isa baranda. Babu motar. Ƙura ce kawai ke kwantawa a kan hanyar da ta ratsa cikin rake, ta nufi mararrabar da layin jirgin ƙasa mai jigilar rake ya gitta, hanyar tsohuwar makarantarsu.

Connie ta kama ƙarfen baranda da hannu biyu.

Can wajen mararrabar, jirgin rake ya busa ƙaho. Ya sake busawa. Na ukun bai yanke ba.